Allon motarka mai caji ya lalace? Duba gilashin kafin ka sayi sabon kai

Mai mota irin su Prius Prime ko Outlander PHEV, masu cin esansi kuma a jona su da lantarki, ya san allon nan na tsakiya ya wuce rediyo. A nan ake ganin yadda wuta ke yawo tsakanin inji da batir, a nan ake saita lokacin caji, kuma a Prius Prime ta 2017 mai dogon allo na inci 11.6 har kilim ta nan ake sarrafa shi. Ranar da ya daina jin yatsa a zafin Afrilu na Maraɗi, tafiya ta zama azaba.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne a sauya gilashin taɓawa kaɗai, ba duka kan ba, wato na'urar allon gaba ɗayanta. Allon hawa-hawa ne: gilashi mai jin yatsa a sama, mai nuna hoto a ƙarƙashi, kwamfuta a baya. Idan hoto na fitowa tsaf amma ka taɓa shiru, ko yana taɓa kansa, ko ka ga kumfa a gefe, galibi gilashin ne ko ɗankon da ke manne shi, wanda rana ta gasa. Kwamfutar asali na nan lafiya da saitinta. Ƙwararren mai gyaran waya zai iya aikin, muddin ya ɗumama ɗankon a hankali kuma ya yi a ɗakin da ƙura ba ta shiga. A karanta lambar da ke jikin siririyar wayar gilashin kafin a yi oda, don girma ɗaya ba ya nufin bakin jonawa iri ɗaya. A cire ƙaramin batir mai bolt 12 kafin a kwance komai. Wayoyi masu ruwan goro kuwa na babban batir ne, kada kowa ya kusance su.

Sabon kai daga kamfani yana da kyau, sai dai tsada da jira. Na hannu daga Ƙofar Ruwa a Kano zai yi, in lambarsa ta zo daidai da ta naka.

Amma a nan ake cutar mutane. Wanda aka ciro daga motar Japan yakan zo da rubutun Japananci, kuma tsohon rediyonsa na FM yana tsayawa a 90, alhali tashoshinmu na kaiwa har 108. Wani yana neman lambar sirri da mai sayarwa bai da ita, wani an ɗaure shi da lambar shasin motar da aka ciro shi. Sai a ce maka "Alhaji, je ka, ana buɗewa." Kada ka biya sai an jona shi a motarka, ka taɓa kusurwa huɗu, ka sa ribas ka ga kamara.

Kawunan Android na China su suka fi ƙona min rai. Na sayi ɗaya, kwalinsa na cewa giga 4, aikinsa kuwa na jan ƙafa, ashe an sauya rubutun cikin saitin ne. Mai haɗawa ya yanke min wayoyin asali maimakon ya sa soket, shafin caji ya ɓace, maɓallan sitiyari suka mutu saboda akwatin CAN ɗin, mai fassara wa kan saƙonnin mota, ba na motata ba ne. Bayan kwana uku a ajiye ƙaramin batir ya zube, motar ta ƙi tashi duk da babban batir na cike. Sai da na nemo tsohon kan da na ajiye, aka sa masa gilashi, aka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa.