Gargaɗi ga mutanen Zariya: masu "hannun jarin fawa bank" sun dawo da sabon suna

Salamu alaikum jama'a. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in yi shiru, saboda akwai kunya a ciki kuma nima ina cikin waɗanda aka wanke, amma jiya wani yaro ɗalibi ya shigo shagona a Samaru zai canza sikirin, ina buɗe wayar sai ga irin manhajar da aka damfare mu da ita sak, launi kawai aka canza da suna, sai na ce a'a shirun ya isa haka. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don maganarmu tana hannun hukuma, kuma ko na faɗa ma ba amfani tunda duk bayan 'yan watanni suna sake suna. Ku dai riƙe kamanninsu.

Ni gyaran waya nake yi, ina ɗan taɓa POS a gefe. Ɗan ƙanwar babana ne ya kawo min maganar, yaro mai hankali wlh, ba ya ƙarya, shi ma ba da niyyar cuta ya zo ba. Ya ce Yaya akwai wani sabon kamfanin fasaha, irin sitatof ɗin nan da matasa ke buɗewa, suna kafa akwatunan hayar fawa bank a Legas da Abuja har Dubai, mutum ya sa kuɗi ya ɗauki fawa bank ya yi caji ya mayar, to kai za ka sayi gurbi ɗaya a cikin akwatin ka zama mai hannun jari, duk hayar da aka yi kana da kaso, kuma wai AI, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum, ne ke lura da komai yana kai akwatunan inda ciniki ya fi. Gurbi ɗaya ₦50,000, kullum ana ba ka ₦2,000. Kwana 25 uwar kuɗinka ta dawo, sauran duk riba. Na ce kai ƙanena anya? Ya buɗe min alat guda shida a jere. Kuma alat ɗin gaskiya ne, na duba da kaina, ba irin na bogi da ake kawo mana a POS ba.

Abin da ya ja ni shi ne sana'ar kanta ba ƙarya ba ce, hayar fawa bank ana yinta da gaske a Chana, kuma mu da muke zaune a garin da wuta ke yin yadda ta ga dama, muna ganin yadda masu cajin waya ke samu a bakin kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Da abin da ka sani ake kama ka.

Suka yi taro a wani ɗakin taro na otal, ranar Asabar, na rufe shago na je. An cika maƙil, 'yan makaranta, malaman firamare, matan aure da goyo, har da wani dattijo ɗan fansho da ya zo da jakar leda ya rungume ta a ƙirji. Wani matashi cikin farar shadda da agogo mai sheƙi yana ta nuna hotuna a bango, yana cewa da kun sa kuɗi a Paystack tun farko da yanzu kuna ina, da kun shiga Moniepoint tun farko da yanzu kuna ina, Arewa kullum mu ne a baya, kullum sai jirgi ya tashi muke zuwa tasha. Wannan maganar ta Arewa a baya ita ta fi cin mutane, na ga kawuna suna gyaɗawa. A kan tebur sun ajiye akwatin guda ɗaya na nuni. Da aka tashi rabon shinkafa a roba na zagaya bayansa, halin mai gyara, sai na ga ko a wuta ba a jona shi ba, igiyar tana naɗe da robarta yadda ta fito daga kwali, kuma tambarin kamfanin sitika ce aka manna a kan wani rubutun Chana, gefe ɗaya har ya fara ɗagowa. Na sa farce na taɓa. Na gani da idona fa. Amma na dawo gida na sa dubu ɗari, saboda alat ɗin ƙanena ya fi sitikar ƙarfi a zuciyata. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ba wanda zan ɗora wa wannan.

Sati uku ana biyana, ₦4,000 kullum, ina cirewa tana shigowa akawun. Daga nan aka fara cewa wanda ya bar kuɗinsa bai cire ba za a ƙara masa kashi, wanda ya kawo mutum uku ya zama manaja, wanda ya haura zuwa gurbin ₦300,000 za a ba shi waya kyauta. Sai na daina cirewa, na mayar da abin da na ci, na ƙara da kuɗin jarin POS. Abin da ya fi damuna har yau, Goggona ta Tudun Jukun ta ji labari a bakin mata ta kira ni, ta ce ɗan nan ashe kana cikin abin arziki ba ka faɗa min ba? Na ce Goggo ki bari tukuna mu ga kamun ludayinsu. Ta ce kai dai ba ka so in samu ne. Ta kwashi adashenta ₦120,000, ta sayar da tunkiya biyu da take kiwo don layya, ta ba ni na sa mata da hannuna, da wayata, don ita ko karatun boko ba ta yi ba balle manhaja.

Ranar wata Talata aka wayi gari maɓallin cire kuɗi ya daina aiki. Aka ce gyaran na'ura ake, awa 48. Awa 48 ta zama sati. A guruf ɗin Telegram duk wanda ya yi tambaya sai a cire shi a ce yana ɓata wa kamfani suna, daga baya aka kulle guruf ɗin ya zama admin kaɗai ke magana. Sai sanarwa ta fito wai hukuma ta ce a tantance kowa, ka biya ₦15,000 a buɗe maka akawun ɗinka. Mutane suka biya! Wanda ke da dubu ɗari biyar a sikirin me zai hana shi biyan sha biyar. Bayan kwana huɗu manhajar ta daina buɗewa gaba ɗaya, muka je ofishin da suka kama haya muka tarar da kwaɗo, mai gidan ma yana nemansu.

Ni nawa ya tafi ₦340,000 in an cire abin da na ci. Na Goggo ko sisi ba ta taɓa cirewa ba.

To yanzu bari in faɗa muku abin da na gane, ko da yake ihu ne bayan hari, don shi ne dalilin rubutun. Jarin sitatof na gaskiya ba ya biyan kowa kullum, ko wata-wata ma ba ya yi. Paystack ɗin da suke ta ambata, kamfanin biyan kuɗi ta intanet ne, a 2015 aka kafa shi, sai a Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, wato waɗanda suka sa kuɗi shekaru suka yi suna jira ba alat ba komai, kuma da kamfanin ya mutu da shikenan kuɗinsu ya bi ruwa. Moniepoint da muke amfani da na'urarsu, shi ma tun 2015 yake, da sunan TeamApt ya fara, sai a 2024 darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Kuma ana faɗuwa, 54gene, wani sitatof na binciken ƙwayoyin halitta, ya tara kusan dala miliyan 45 daga manyan masu zuba jari na duniya amma a 2023 ya rufe. Masu kuɗin da suka san harkar, da lauyoyinsu da akantocinsu, suna sa kuɗi a kamfani goma suna fatan ɗaya ko biyu su tsira. To wane ne kai da za a zo har Samaru a tabbatar maka da riba kullum ba faɗuwa?

Ku ɗauki kalkuleta ma ku gwada, ni sai bayan an gama da ni na yi. ₦2,000 a kan ₦50,000 kashi 4 cikin ɗari ne a rana. In kana mayar da ribar ciki kamar yadda suke zuga mutane su yi, kuɗin na ninkawa duk kwana 18, a shekara ɗaya dubu hamsin ɗinka ta haura naira biliyan 80. Da cajin waya. Wanda yake da injin da ke haifar da kuɗi haka me zai yi da adashen Goggo, ai banki zai je ya ci bashi ya yi shiru da bakinsa. Alat ɗin da ƙanena ya nuna min kuɗin wanda ya shiga bayansa ne, wanda na ci ni ma kuɗin wani bawan Allah ne, wataƙila na dattijon nan mai jakar leda. Wannan tunanin yana hana ni barci wani lokaci.

Kuma abin ba sabo ba ne, mu ne dai ba ma riƙe darasi. MMM na wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi ya yi alkawarin kashi 30 a wata, ya kulle kuɗin mutane a Disambar 2016, waɗanda suke jami'a lokacin sun san yadda kuɗin makaranta suka salwanta. CBEX ya zo da cewa AI ke yi masa cinikin kirifto, a ninka maka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinsu a Ibadan, kuma su ma bayan sun kulle sai da suka nemi mutane su biya dala 100 ko 200 wai kuɗin tantancewa. Salon ɗaya ne, riga kawai ake canzawa, da can taimakon juna ne, sannan forex, sannan kirifto, yanzu AI da sola da babur mai lantarki da fawa bank, duk abin da ake yayi a waya shi za su ɗauka. Mu kuma tun lokacin mainin ɗin Pi da Hamster muka saba da cewa kuɗi na iya fitowa daga danna sikirin, to ƙofa a buɗe suka same ta.

Maganar takardu kuma, don da ita suka rufe bakin masu tambaya a taron. Sun nuna satifiket ɗin CAC an sa shi a firem. Jama'a CAC rijistar suna ce kawai, shagona ma yana da ita, ba ta ba ni izinin karɓar kuɗin kowa in juya ba. Wasu suna nuna takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, su ce ai EFCC ta san da su, ita ma ba lasisin karɓar jari ba ce. Hukumar da ke ba da wannan izinin ita ce SEC, kuma a shafinta na intanet akwai wurin da za ka rubuta sunan kamfani ka ga ko yana cikin masu rijista, minti biyu ne da data ɗin da ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya ba. Ko tara jari daga jama'a ta intanet da ƙananan kamfanoni ke yi, tun 2021 SEC ta fitar da ƙa'ida cewa sai ta dandalin da ta yi wa rijista, kuma ɗan ƙaramin mai saka jari irina kada ya wuce kashi 10 na abin da yake samu a shekara. Ni na zuba jarin shago gaba ɗaya. Sannan duba akawun ɗin da ake cewa ka tura kuɗin, namu sunan mutum ne ba na kamfani ba, kuma kusan duk sati sai an canza, ni da nake POS na fi kowa sanin ma'anar wannan amma na kau da kai.

Sai masu cewa halal ne wai mudaraba ce. Na je na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa a cikin gari, ya ce min a mudaraba kason riba ake yankawa, rabi ko sulusi na abin da aka samu, ba a yanka adadin kuɗi a ce kullum naira kaza, kuma ba a lamunce maka uwar kuɗi, in an faɗi mai dukiya ne ya yi asara. Ya ce kai da aka ce maka ba faɗuwa ai tun nan ya kamata ka tsaya. Na sunkuyar da kai kawai.

Ku kuma masu kawo mutane don a ba ku kashi, 'yan uwana ɗalibai na Samaru da Kongo musamman, ku sani dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta haramta irin wannan tsarin ƙarara, akwai tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun ga masu gudanar da shi da tallata shi. Ogan yana can ba wanda ya san fuskarsa ta gaskiya, kai ne aka sani, gidanku aka sani. Ƙanena yanzu ba ya iya zuwa ɗaurin aure a unguwarsu, mutum goma sha ɗaya ya shigar.

Wani abu kuma, tun da abin ya faru sau uku ana kirana, wai su lauyoyi ne ko jami'an da za su dawo mana da kuɗinmu, in biya kuɗin fayil ₦10,000 in turo BVN da lambar da za ta shigo wayata. Lambobinmu suna hannunsu ai, su ne dai suka dawo cin ragowar. Kar ku ba kowa lambar sirri. Wanda abin ya shafa ya adana sikirinshot na duk tiransifa da lambobin akawun da hirar guruf, ya fara zuwa bankinsa ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai wa EFCC, suna da ofishi a Kaduna, kuma kai ƙara ba a biyan ko kwabo. Mu mun haɗu mu tara mun kai namu tare.

Yaron jiya dai na nuna masa tawa manhajar da ta mutu, har yanzu ban goge ta ba, muka jera wayoyin biyu a kan teburin gyara, hatta hoton akwatin iri ɗaya ne. Ya ce shi ₦30,000 ya sa cikin kuɗin hayar ɗakinsa kuma an biya shi sau biyar. Na ce cire abin da za ka iya cirewa yanzu a gabana. Ya danna, aka rubuto masa wai sai ya kawo mutum biyu kafin ya iya cire sama da dubu biyar. Goggo kuwa ina biyanta dubu goma-goma duk wata, saura wata bakwai, tunkiyoyin ne ta ce ta yafe.