Sakkwato zuwa Abuja: jirgi ko mota?

Malam, ka tambayi nisan Sakkwato da Abuja da kuma awa nawa jirgi ke yi, tunda za ka kai Inna ganin likita. Allah ya ba ta lafiya.

A sama, tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 500 ne, jirgi yana cinye su cikin awa ɗaya ko da 'yan mintoci. Sai dai wannan awar daga tashi ne zuwa sauka kawai. Kafin ita akwai fita zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III ta wajen hanyar Boɗinga, da isa da wuri don awon kaya da bincike. Bayan ita kuma, filin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar Abuja, ga cunkoson Lugbe da safe da yamma. Daga ƙofar gida zuwa masauki, ka lissafa awa huɗu zuwa biyar.

A ƙasa kuwa tafiyar ta haura kilomita 650, domin titi yana zagaye: Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtua, Zariya, Kaduna, sannan Abuja. Wanda ya bar tasha bayan sallar asuba, in hanya ta yi kyau, yakan shiga Abuja wajen magariba. Wuni guda ke nan cur, da ramuka, da shingayen bincike, da tsayawa sallah da cin abinci. Abin da ya fi damuna shi ne tsakanin Gusau da Funtua. Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yankin, don haka duk wanda zai bi ta nan ya bi da rana tsaka, kada ya yarda direba ya ja shi cikin dare. Akwai ta Jega, Yawuri, Kwantagora da Minna, amma ta fi tsawo, kuma ita ma ba a shigarta ido rufe. Wasu sukan sauka a Kaduna su hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016. Yana rage gajiya, amma sauke tsohuwa daga mota a hau da ita wani abin hawan ma aiki ne.

Ta fannin kuɗi mota ce ta yi nasara, babu gardama. Kuɗin tikiti ɗaya ya ninka kuɗin mota sau da yawa, ga ku biyu ne, kuma mota ba ta auna maka buhun albasar da za ka kai tsaraba.

Amma da uwata ce, wallahi jirgi zan sa ta. Zaman wuni guda a takure, ƙafafu na kumbura, yana iya ƙara mata ciwo kafin ma likita ya gan ta. Wajen sayen tikiti ka gaya musu tana bukatar keken tura marasa lafiya, za su tanada.

Sai ka kula da lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe sararin Sakkwato har a jinkirta jirgi ko a soke shi gaba ɗaya. In ranar ganin likita Talata ce, ku tashi tun Lahadi.