Gargaɗi: mai gyara ya ce IC ɗin wayata ya ƙone, ashe datti ne ya toshe ramin iyafis

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Amma in na yi shiru wani zai faɗa hannun mutumin nan kamar yadda na faɗa, shi ya sa na daure. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na sayi wayata, shi na biya wani mai gyara a kan ramin iyafis. Kashi ɗaya cikin uku. Sau 3 ina tura masa kuɗi, wayar ta yi kwana 19 a hannunsa, ta dawo mini da ciwonta yadda na kai ta, kuma da batirin da ba nawa ba.

An ba ni shawara kada in kama sunansa a nan, na kuma ji. Amma hotunan hirarmu suna nan, da shaidar turawa guda 3, da bidiyon da ya aiko mini. Zan ɗora su da zarar na gama rufe lambobi. Duk mai ganin ƙari nake yi ya jira ya gani da idonsa.

Abin da kunne ɗaya ya fara. In na sa iyafis sai na dama ya yi magana na hagu ya yi shiru, sai na murza bakin a hankali sannan ya dawo. Daga baya muryar mai magana ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa, kiɗa yana fita amma murya ta dushe. Wani lokacin ina sauraron karatu sai ya tsaya da kansa ba wanda ya taɓa. Ranar da raina ya fi ɓaci ita ce da na zare iyafis amma alamarsa ta ƙi sauka daga saman sikirin. Aka kira ni, ina ta sallama ba na jin kowa, sai da na sa a sifika a gaban mutane. Ni kuwa da iyafis nake aiki, da shi nake sauraron darussa da daddare don kada in tashi yara.

Kada wani ya zo ƙarƙashin wannan ya ce ban bincika ba. Na bincika. Na karɓi iyafis ɗin ƙanina na gwada a wayata, haka ya yi. Na sa nawa a wayarsa, ya yi ras. Na kashe Bluetooth, na kashe wayar na kunna ya fi sau goma, na cire rigar wayar ko ita ke tare bakin, na shiga saiti na duba wajen daidaita sautin hagu da dama, yana tsakiya. Na san ba iyafis ba ne, na san ba saiti ba ne. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban haska tocila na leƙa cikin ramin ba. Busawa kawai na yi da baki, don tun da can an sha ce mana kada a cusa komai a ramin waya. Wannan abu ɗaya shi ne ya ci mini kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waya.

A intanet na ga shafin mai gyaran. Bidiyoyi birjik, ga madubin ƙara girma, ga na'urar walda, ga mutane a ƙasa suna ta sa albarka. Yanzu da na koma na duba, yawancin masu yabon rana ɗaya suka rubuta, kalmominsu ma kusan ɗaya ne. A lokacin ban lura ba. Wa yake zama ya ƙirga ranakun sharhi alhali wayarsa ba ta ji?

Ga inda ya kama ni, kuma nan ne nake ta komawa har yau. Da na miƙa masa wayar, kafin ya ce komai sai ya zare sim da memori, ya naɗe su a 'yar takarda, ya kama hannuna ya sa mini a tafi. Ya ce, "Yallaɓai riƙe kayanka, ba na son amana ta yi mini yawa." Haka ya faɗa, kalma da kalma. Ba na son amana ta yi mini yawa. Na dubi mutumin nan na ce a raina yau na haɗu da mai tsoron Allah. Wane ɓarawo ne zai mayar maka da memori? Ku gaya mini, wa zai ga haka bai saki jiki ba? Ko mahaifina ne a wurin zai yarda da shi. Bai ko ɗaga wayar ya leƙa ramin ba, wallahi bai leƙa ba, amma ni hankalina yana kan 'yar takardar nan da ke tafina.

Ya ce ramin ne ya mutu, sai an sa sabo, in ba da kafin alƙalami ya yi oda. Na tura a nan take. Biya na farko ke nan. Ya ce kwana biyu.

A kwana na huɗu ne, ko na biyar, a'a na huɗu ne don ranar ce na ari tsohuwar wayar matata, ya aiko da bidiyo. Fanel ne, wato allon lantarkin cikin waya, a ƙarƙashin madubi, yana nuna wani ɗan baƙin abu da ke manne a kansa, wanda suke kira IC, da tsinken ƙarfe, yana cewa, "Yallaɓai ka gani, IC ɗin sauti ne ya ƙone, ruwa ya taɓa shiga wayar nan." Na ce Injiniya wayata ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. Ya ce gumi ma ruwa ne. Ya ce in ba a canza yanzu ba zai ci fanel ɗin gaba ɗaya, sifika ta mutu, caji ya daina shiga. Wannan ne biya mafi tsoka, ya ninka na farko har da ɗoriya. Na tura. Na manta ban faɗa ba, tun ranar farko ya karɓi lambar buɗe wayar, wai don ya gwada sauti. Mutumin da ya mayar mini da memori, zan hana shi lambar buɗewa? Na ba shi. Kwana 19 hotunan iyalina da saƙonnina suna buɗe a hannun wanda ban sani ba. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Biya na uku kuwa cewa ya yi wajen ɗaga IC wani layi ya katse a fanel, sai ya yi masa gada da siririyar waya. Na yi faɗa ranar, kada ku ɗauka shiru na yi. Na ce ai kai ka katse shi. Ya kwantar da murya ya ce, "Yallaɓai in ba ka yarda da ni ba zo ka ɗauki wayarka a buɗe yadda take." To ina zan kai waya a wargaje? Na riga na biya sau biyu, in na janye na yi asarar duka. Na tura. Sau 3. In ka haɗa su, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar ne cif.

Ba shi ya kawo ta ba, wani yaro ya aiko. Kafin in nemo iyafis yaron ya tafi. Na sa, kunne ɗaya. Na murza, murya daga rijiya. Babu abin da ya canza, ko ɗaya. Na kira ya ce sabon IC sai ya yi kwana biyu yana zama. Washegari batirin da ke kai ni dare ya mutu kafin azahar, bayan wayar kuma ya ɗan ɗago ta gefe. Na kira bai ɗauka ba. Na tura saƙo, alama ɗaya. Ya rufe ni. Shafin ma yanzu sunansa daban, amma bidiyoyin su ne dai.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wajen wani dattijo mai gyara. Ban gaya masa komai ba da farko, don kunya. Abu na farko da ya yi shi ne ya kashe wayar ya haska tocila cikin ramin. Ya ɗauko tsinken sakace na itace ya fiƙe bakinsa, ya sa a hankali yana karkatawa. Jama'a, abin da ya fito! Curin zare-zaren aljihu ne da ƙura, ya danƙare ya yi baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya sake zaro wani. Ya ɗan jiƙa siririn burushi da sinadarin goge fanel, irin mai saurin bushewa, ya goge, ya bari ya bushe, ya kunna. Ya cusa iyafis na ji ƙas, ƙarar da na manta rabon da in ji ta. Kunne biyu, murya tar. Bai kai minti biyar ba.

Na tsaya ina kallon dattin nan a kan teburinsa, jikina yana rawa.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce dubi bakin iyafis ɗinka, kaurinsa milimita 3.5, ga zobba uku da suka raba shi gida huɗu. Tsinin na kunnen hagu ne, mai bi masa na dama, sai na komawar wuta wanda duk suke tarayya a kansa, sai na makirfo. A cikin ramin akwai 'yan ƙarafa masu tauri kamar sifirin, kowanne yana jiran gidansa. Kullum ka sa waya a aljihu zare yana shiga, kullum ka cusa iyafis kana danna shi can ƙasa yana danƙarewa. In ya taru bakin ba zai kai ƙarshe ba, ko ɗan kaɗan ya rage sai kowane ƙarfe ya sauka inda ba nasa ba. Shi ne kunne ɗaya ke ɗaukewa. In na komawar wuta ne bai zauna ba, murya ce ke dushewa kiɗa ya rage. In na makirfo ne ke taɓawa yana saki, wayar sai ta ɗauka maɓallin iyafis aka danna, ta tsayar da abin da kake ji. Akwai kuma abin da ke sanar da waya cewa an sa iyafis, in datti ko danshi ya maƙale shi sai ta zauna a haka ko ka zare. Duk abin da na lissafa muku a sama, ɗaya bayan ɗaya, dattin nan ne.

Ya ce wani lokacin ma ba datti ba ne, tsarin iyafis ɗin ne. Akwai tsari biyu, CTIA da OMTP, sun musanya gidan makirfo da na komawar wuta, don haka tsohon iyafis mai ɗaya tsarin yakan yi irin wannan muryar rijiya a sabuwar waya, sai ka danne maɓallinsa ta washe.

Sannan na gaya masa gaskiya na nuna masa bidiyon. Ya kalla sau biyu ya ce, "Ɗana, wannan ba fanel ɗin irin wayarka ba ne." Ya buɗe bayan a gabana. Ramin iyafis ɗina yana kan ɗan ƙaramin fanel na ƙasa tare da wajen caji, ana canza shi shi kaɗai ba a je kusa da babban fanel ba. Nawa na asali ne yana nan, ba a canza ba. Murfin da ke kan babban fanel ba a ɗaga shi ba, babu alamar zafi, babu alamar walda. 'Yar alamar nan da ke juyewa ja in ruwa ya shiga, fara ce tas. Abu ɗaya aka taɓa a wayata, batiri. An cire nawa an liƙa wani tsoho da ya fara kumbura. Dattijon ya ce kada in sake sa shi a caji, kumburarren batiri yana iya kama wuta. Sai da na sayi wani. Wato bayan kashi ɗaya cikin uku, ga kuɗin batiri kuma.

Matata ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba. Abin da ke hana ni barci shi ne 'yar takardar nan. Na gane yanzu cewa haka yake yi wa kowa, ya san sim da memori ba za su yi masa amfanin komai ba, da su yake sayen yardar mutum. Ni kuma na tsaya har ina yi masa godiya, har na ce Allah ya ƙara irinku. Da bakina na faɗa. Ba sakarci ba ne, na yi shekaru ina riƙe waya ba wanda ya taɓa cutata, mutumin ya ƙware ne kawai.

Ga shawarata gare ku: ku kashe waya ku haska tocila a ramin kafin ku kai wa kowa. Tsinken itace ko na roba, ban da allura, ban da ruwa. Wanda ya ce IC bai leƙa ramin ba, ku karɓi wayarku ku tafi. A gyara a gabanku, a ba ku abin da aka cire, kada ku ba da lambar buɗewa. In ramin ya mutu da gaske, akwai 'yar igiyar da ake sawa a wajen caji ta ba da ramin iyafis, tun da Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016 suka cika ko'ina, sai dai ku gwada a wayarku kafin ku biya don ba kowacce ke yi da kowace waya ba.

Na canza duk lambobin sirrina a daren da dattijon ya buɗe wayar, har na banki. Har yanzu ina bin hotunana ɗaya-ɗaya ina tunanin wanne ya gani. Kwana 19. Sau 3 na tura, kashi ɗaya cikin uku. Dattin yana nan na ƙulle shi a leda, zan ɗora hotonsa tare da na hirar da na batirin. Duk wanda aka taɓa naɗe wa sim a takarda aka ce masa ba a son amana ta yi yawa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina tara shaidu ne.