Sayen Gida a Ingila: Mallakar Wa'adi ko Mallakar Dindindin?

Wanda yake shirin sayen gida a Ingila ko Wales ya kamata ya fara tantance irin mallakar da za a ba shi kafin ya damu da yawan ɗakuna. A mallakar dindindin, gini da ƙasar da yake kai duka nasa ne. A mallakar wa'adi kuwa, wadda kusan duk wani fulat a Landan yake ƙarƙashinta, ya sayi haƙƙin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 ko 125, ƙasar kuma tana hannun wani da ake biya kuɗin ƙasa da kuɗin kula da gini. Wanda ya san takardar mallakar fili ta shekara 99 a Najeriya ba zai ga baƙon abu ba, sai dai a Ingila mai ƙasar sau da yawa kamfani ne mai neman riba.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun da suka rage. Da zarar sun gaza 80, kuɗin ƙarin wa'adi yana tashi, domin mai ƙasa yana karɓar rabin ƙarin darajar da gidan zai samu, bankuna kuma sukan yi ɗari-ɗari da bayar da bashin sayensa. Dokar gyara da aka zartar a watan Mayun 2024 ta tanadi soke wannan kaso, tare da ƙarin wa'adi na shekara 990 maimakon 90 ga fulat da 50 ga gida, amma sassanta ba su fara aiki a lokaci guda ba. An soke sharaɗin jiran shekara 2 bayan sayen gida kafin neman ƙarin wa'adi a ƙarshen Janairun 2025. Game da sabon lissafin farashi kuwa, mai saye ya tambayi lauyansa ko ya fara aiki, kada ya gina cinikinsa a kan alkawari.

A ganina, fulat mafi kwanciyar hankali shi ne wanda mazaunansa suka haɗa kuɗi suka sayi ƙasar ginin, domin su ne ke yanke shawarar gyaran rufi da inshora, kodayake taron maƙwabta ba ya rasa gardama. Akwai kuma mallakar haɗin gwiwa marar wa'adi da dokar 2002 ta kawo, wadda gwamnati ke son mayarwa tsarin sababbin gine-gine, amma har yanzu da wuya a same ta a kasuwa.

Sababbin yarjejeniyoyi tun daga 30 ga Yuni 2022 ba su da kuɗin ƙasa. Tsofaffin ne abin tsoro, musamman masu sharaɗin ninka kuɗin duk bayan shekara 10, inda fam 250 ke zama fam 2,000 cikin shekara 30. A nemi shafin yarjejeniyar da ya yi maganar kuɗin ƙasa a karanta shi, a kuma karɓi lissafin kuɗin kula da gini na shekara 3 da suka wuce kafin a sa hannu.