Ragar waya don kare bishiyoyi daga biba: ta yi aiki, amma tsayinta ya cuce ni

Gidanmu yana bakin wani ƙaramin tafki a Ontariyo, ƙasar Kanada, amma ban san ɓarnar biba ba sai bara da kaka. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, dabbar ruwa ce kamar ƙaton burgu, mai faffaɗar wutsiya da haƙora ruwan lemo waɗanda ba sa daina tsiro. Wata safiya na fito na tarar da bishiyar fofla da maiɗakina ta fi so a kwance, kanta cikin ruwa, gindin an feƙe shi kamar fensir. Wallahi ranar ko karin kumallo ban iya ci ba.

Maƙwabcina ya ce in kira mai tarko, na ƙi. Baiwar Allah abincin hunturu take tarawa, ba ƙeta ba ce. Kuma ko an kashe ta, muddin ruwa da bishiyoyin fofla da wilo suna nan, wasu za su tare a wurin.

Shi ne na sayo wannan raga mai kaurin waya, mai ramuka inci 2 da 4, tsayi ƙafa 3. Na tambayi mai shagon ko tsayin ya isa, ya ce har ya yi yawa. Na zagaye bishiya 9, na bar tazarar taƙi guda tsakanin waya da ɓawo don bishiya ta samu wurin yin ƙiba, na kafe ƙasan da turaku kada ta cusa kai. Oktoba da Nuwamba, lokacin da suka fi sara, kullum ina ganin sawunta a taɓo, ta kewaya ragar ta koma ruwa. Ko ƙwarzane babu. Har mutum biyu na tura shagon saboda murna.

Sai Maris. Dusar ƙanƙara ta taru ta daskare a gindin bishiyoyin, sanyi ya ɗan sassauta, biba ta fito ta taka kan tudun, ta miƙe, ta ɓare ɓawon bishiya biyu daga saman waya. Ɗaya ta zagaye ta gaba ɗaya, kuma bishiyar da aka yi wa haka ba ta tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na fa tambaya! Mai shagon a garin nan yake, ya fi ni sanin yadda dusa ke taruwa. Ga bakin wayar in an yanka, kaifi kamar ƙaya. Tafin hannuna har yanzu da tabo, don haka a sa safar hannu mai kauri.

Wayar kanta ba ta yi tsatsa ba, ba ta lanƙwashe ba, ba kamar ragar kejin kaji da biba ke yagewa ba. Amma a inda ake dusa, kada kowa ya sayi ƙasa da ƙafa 4. Ni dai sai da na sake sayen wani nadi na ɗaure a saman bakwai ɗin da suka rage da wadda nake fatan ta farfaɗo.