Tsinken gwajin fitar ƙwai: abin da na gani bayan wata huɗu

'Yan uwa mata, musamman masu neman haihuwa irina, yau dai na ce sai na yi magana kan tsinken nan na gwada lokacin fitar ƙwai. Shekarata uku da aure shiru, kun san yadda gaisuwar dangi take komawa, kowa ya zo sai idonsa ya sauka kan cikinki kafin ya kalli fuskarki. Duk tsawon lokacin nan da manhajar waya nake lissafi, ita kuma kullum rana ta 14 take nuna min, ashe ni al'adata kwana 33 zuwa 34 take yi, wato mun ɗau shekaru muna tsare ƙofar da baƙon ba ta nan yake shigowa ba.

A kemis na saya, kwali mai guda 50, kowanne a ledarsa a like, da ɗan kofi na tara fitsari. Kamarsa ɗaya da tsinken gwajin ciki amma karatunsa daban ne, kuma nan na fara yin kuskure. A na ciki ko layi na biyu ya fito dishi-dishi an samu. A wannan kuwa sai layin gwajin ya yi duhu kamar ɗan uwansa ko ya fi shi, in ba haka ba babu komai. Watan farko ina ganin layi biyu na hau murna tun rana ta 10, takardar da ke cikin kwalin kuma turanci ne zalla da ƙananan rubutu sai kin ƙanƙance ido, wannan kam gaskiya sun gaza, ko zane babba guda ɗaya da sun sa ya wadatar.

Wata likitar mata ce ta zaunar da ni ta zana min a bayan katin asibiti, wallahi tun ranar na daina kallon abin a matsayin matsalar mara kaɗai. Ta ce umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Akwai wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, da wasu ƙwayoyi 'yan dubbai kacal da ke sakin sinadarin GnRH, kuma ba zuba shi suke kamar famfo ba, ɗiga shi suke bugu-bugu, kusan duk bayan awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kafin fitar ƙwai. Shi ke tada fitutari, wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya saki wasu sinadarai biyu, FSH da LH, su kuma su je su rena ƙwan. Ƙwan yana girma, 'yar jakar da yake ciki tana fitar da sinadarin mata da ake kira istirojin, to abin mamakin shi ne in istirojin ɗin kaɗan ne birki yake taka wa ƙwaƙwalwa, amma da ya yi yawa ya tsaya a sama kamar kwana biyu sai ya juye ya zama totur, LH ya yi tashin gwauron zabi, bayan awa 24 zuwa 36 ƙwai ya fita. Wannan tashin ne tsinken yake kamawa a fitsari. Ta ce har akwai wasu ƙwayoyin 'yan aike a tsakani masu sakin wani sinadari, kisfeftin, su ke jin istirojin ɗin su kai saƙo, kuma sai a 2003 aka gano muhimmancinsu ga haihuwa. Ni dai na yi ta tasbihi a raina, duk wannan aikin yana gudana a kaina ina tuƙa tuwo ban sani ba.

Da na gane sai na gyara. Na koma gwaji da la'asar tunda na asuba yakan iya kuskure farkon tashin, ina rage shan ruwa awa biyu kafin nan, in duba cikin minti biyar, in manna tsinken a littafi da salatif in rubuta kwanan wata. Wata na biyu rana ta 19 layin ya yi jawur har ya fi ɗayan, hannuna rawa yake, sau uku ina fita tsakar gida in duba shi a haske. Kuma ya zo daidai da ruwan nan mai yauƙi kamar farin ƙwai. Ƙwan in ya fita ba ya wuce awa 24 da rai, maniyyi kuwa yana kai kwana biyar, shi ya sa ranar da kwanakin da ke gabanta suka fi dacewa da saduwa.

Amma kar ku ɗauke shi likita. Tashin LH yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa ƙwan ya fita, sai da aka ɗebi jinina bayan sati ɗaya aka auna furojestaron, sinadarin da ke tashi bayan ƙwai ya fita, sannan likitar ta tabbatar. Mai PCOS, wato lalurar sinadaran jiki da ke rikita al'ada da fitar ƙwai, tsinken zai iya ruɗa ta don LH ɗinta yakan zauna a sama, ta yi ta ganin layi mai duhu. Mai shayarwa ma furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, yana danne bugun can na ƙwaƙwalwa, tana iya ƙarar da kwali guda ba ta ga komai ba. Sannan a ajiye shi inda ba zafi ba laima, kar a bar shi a banɗaki.

Zan sake saya, har na saya wa ƙanwata. Ciki dai bai zo ba tukuna, maigida ma ya yarda zai je nasa gwajin sati mai zuwa, ku sa mu a addu'a don Allah.