Kogon Batu ko na Tempurung, wanne za ka je?

Ɗan'uwa, ka ce kana da hutun yini ɗaya a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kana neman shawara tsakanin kogon Batu da na Tempurung. Idan kogon kansa kake son gani, Tempurung zan tura ka.

Dukansu a cikin dutsen farar ƙasa suke, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka. Ruwan sama mai ɗan tsami ne ke cin dutsen a hankali, shekaru aru-aru, har ya rarake shi. Ɗigon da ke sauka daga rufi kuma yana barin ɗan abin da ya narkar, ya daskare, shi ne duwatsun nan masu tsini da ke reto.

Batu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kilomita 13 ne arewa da birni, jirgin ƙasa na KTM Komuter daga tashar KL Sentral zai sauke ka dab da ƙofa, babban kogon kuma kyauta ake shiga. Za ka hau matakala 272 da aka yi wa fenti kala-kala a 2018, a gefen mutum-mutumin Murugan, abin bautar mabiya Hindu, mai tsayin mita 42.7. Sai dai wurin ibadar mabiya Hindu ne, an dabe ƙasan, ga jama'a ko'ina. Ka yi shigar mutunci, ka kuma ɓoye ledar abinci saboda birai. Lokacin bikinsu na Thaipusam, a Janairu ko Fabrairu, ba masaka tsinke.

Tempurung kuwa yana Gopeng a jihar Perak, kusa da birnin Ipoh, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Kuala Lumpur, kuma sai da tikiti. Tsawonsa ya haura kilomita 3, ga kogi yana gudana a cikinsa. Akwai busasshiyar hanya mai matakala da fitilu, ko da iyali za ka bi ta. Wadda ta fi burge ni ita ce ta ruwa: da ɗan jagora za ku shiga, wani wurin a rarrafe, wani wurin a sulale kan dutse, ba haske sai na tocilan. A nan mutum ke jin girman halittar Allah har cikin ransa. An taɓa haƙar kuza a ciki, 'yan tawayen kwaminis ma sun ɓuya a can a rikicin 1948 zuwa 1960.

Ka yi sammako, ka tafi da kayan canji da takalmi mara santsi. In an yi ruwa mai yawa akan rufe hanyar kogin, don haka ka tuntuɓe su kafin ka kama hanya.